Farashin Abin da Ido Ba Ya Gani a Masana'antun Lantarki

Duk mai sauraron rediyo a gajeren zango ko matsakaicin zango ya san wannan damuwa. Ana cikin jin labaran duniya da asuba, sai wani a gidan ya jona cajar waya ko ya kunna inbata, nan take muryar mai karanta labarai ta nutse cikin wata ƙara kamar an zuba ƙullun ƙosai a tafasasshen mai. Akasarin jama'a kan ɗora laifin a kan tashar, ko yanayin sama, ko kuwa tsufan akwatin rediyon. Alhali abin da suke ji shi ne ƙarfin maganaɗisu da ke tsiyayowa daga cikin na'urar da aka kunna, wanda ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa, amma yake lashe maƙudan kuɗi a masana'antun duniya.

A ƙasar Amurka al'amarin har ya kai gaban majalisar dokoki. Kamfanoni irin su Tesla da BMW da Volvo sun cire rediyon matsakaicin zango daga motocinsu masu aiki da batir, saboda na'urar da ke juya injin motar tana cika shi da hayaniya, kuma toshe hayaniyar yana bukatar ƙarin kaya da ƙarin nauyi. Kamfanin Ford ma ya yi niyyar bin sahu, sai dai ya janye a watan Mayun 2023 bayan da 'yan majalisa suka gabatar da ƙudurin dokar da za ta tilasta a riƙa sanya rediyon a kowace sabuwar mota, bisa hujjar cewa ta nan ne ake isar da sanarwar gaggawa ga mazauna karkara.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake sarrafa wutar lantarki a wannan zamani. Inbata, alal misali, tana karɓar wutar batir ko ta faifan sola, wadda ke tafiya ta fuska ɗaya, ta mayar da ita irin wutar gida mai kai da komo sau 50 a kowane sakan. Tana yin haka ne da wasu 'yan ƙananan makunnai na tiransista, waɗanda ke kunnawa da kashewa sau dubbai a cikin sakan guda. Kamfanin General Electric ne ya fito da kakan waɗannan makunnai kasuwa a 1957, kuma a wannan kamfani ne injiniya Jayant Baliga, haifaffen Indiya, ya yi aikin da ya samar da nau'in IGBT a wajejen 1980, wanda har yau shi ne ke cikin jiragen ƙasa da injinan masana'antu da dama. A 2024 ƙasar Finlan ta ba shi lambar yabo ta Millennium a kan wannan aiki. Daga baya aka samu sababbin makunnai na sinadarin silikon kabaid, waɗanda suka fi na da sauri nesa ba kusa ba. Kamfanin Cree na Amurka ya fara sayar da irinsu a 2011, kuma Tesla ta sanya su a motarta Model 3 a 2017.

Dalilin wannan tsere na sauri dalili ne na kasuwanci tsantsa. Gwargwadon saurin makunni, gwargwadon raguwar wutar da ke salwanta ta zama zafi, kuma gwargwadon ƙanƙancewar koyil da taransifomar da na'urar ke bukata. Ƙaramin koyil yana nufin ƙarancin jan ƙarfe, da ƙarancin nauyi, da rangwamen kuɗin dako. Shi ya sa cajar waya ta yau ba ta wuce girman kwalin ashana ba, alhali irinta ta shekarun 1990 in ta faɗo wa mutum a ƙafa sai ya yi ɗingishi.

Sai dai kowace riba tana da harajinta. Tun a 1831 Michael Faraday ya gano a Landan cewa duk lokacin da ƙarfin maganaɗisu ya sauya, yakan haifar da wuta a cikin kowace waya da ke kusa, kuma gwargwadon saurin sauyin, gwargwadon ƙarfin wutar. A ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi, idan wutar da ke bin waya mai tsawon santimita ɗaya tak ta sauya da amfiya 10 a cikin kashi ɗaya daga miliyan dubu na sakan, wanda ba baƙon abu ba ne ga sababbin makunnan, wannan guntuwar waya za ta haifar da ƙarin bolt kusan 100 da babu wanda ya nema. Motar da batirinta ke da bolt 800 akan sanya mata makunnai masu jure bolt 1,200. Ke nan tazarar da ke tsakanin lafiya da ƙonewa bolt 400 ce, kuma santimita huɗu na wayar da aka shimfiɗa ba bisa tsari ba ta isa ta cinye wannan tazara baki ɗaya. Takardar zanen na'urar ba ta nuna wannan hatsari, domin a takarda waya layi ce kawai. A zahiri kuwa siffar na'urar, da inda aka lanƙwasa kowace waya, da kusancinta da maƙwabciyarta, su ne ke yanke hukunci.

Ban da ƙonewa, akwai doka. Tun 1934 aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa na CISPR domin kare rediyo daga kutsen kayan lantarki. A 1989 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta fara aiki gadan-gadan ranar 1 ga Janairun 1996, wadda ta haramta sayar da duk wata na'ura da ke fitar da hayaniya fiye da ƙima. Ana auna hayaniyar da ke bin waya daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, wato daidai inda tashoshin matsakaici da gajeren zango suke zaune, sannan a auna wadda ke bin iska daga nan zuwa sama, a cikin wani ɗaki na musamman da aka lulluɓe bangonsa domin kada komai ya shiga ko ya fita.

Abin da ke ci wa masu masana'antu tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da wannan jarrabawa ke zuwa. Tana zuwa ne a ƙarshe, bayan an gama zane, an ƙera samfuri, wani lokaci har an sayi injinan da za su buga kayan. Idan samfurin ya faɗi, hanya biyu ce ta rage. Ko dai a koma a sake zane, a yi asarar watanni yayin da abokan gasa ke cin kasuwa, ko kuwa a yi faci, a ƙara matatar hayaniya da garkuwar ƙarfe. Ta biyun ta fi sauri, shi ya sa aka fi binta, amma a lissafin tattalin arziki ita ce mai tsada, domin gyaran zane sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, shi kuwa faci ana biyansa a kan kowace na'ura da ta fito daga masana'anta. Facin dala ɗaya a kan kayan da za a buga guda miliyan ɗaya, dala miliyan ɗaya ke nan ta tafi a kan kuskuren da ba a gani da wuri ba.

Ilimin da ake bukata domin hango kuskuren ya daɗe a hannu. A 1865 James Clerk Maxwell, ɗan ƙasar Sukotlan, ya tsara ƙa'idojin lissafin da ke bayyana halayen lantarki da maganaɗisu. Wahalar ita ce warware su a kan abu mai lunguna da yawa kamar cikin inbata. Sai da kwamfuta ta zo aka samu dabara: a daddatsa abin zuwa ƙananan gutsattsari, a lissafa kowanne, a haɗa. Kane Yee ya fito da hanya ɗaya a 1966, Peter Silvester na Jami'ar McGill da ke Kanada ya kawo wata a 1969, sannan Albert Ruehli na kamfanin IBM ya zo da ta uku a farkon shekarun 1970. Duk suna ba da amsa mai inganci, amma idan gutsattsarin sun kai miliyoyi, kwamfuta kan kwashe sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kafin ta amsa tambaya ɗaya. Injiniyan da zai matsar da waya ɗaya da yamma, ya jira har gari ya waye kafin ya san sakamako, ba zai gwada dabaru da yawa ba.

A wani ɓangaren kuma, ma'aikatan manyan layukan wuta sun bi tasu hanyar. Hermann Dommel ya wallafa a 1969 tsarin lissafin da ke nuna yadda wuta ke gudana a layuka lokacin da aka samu tangarɗa, kuma a kan wannan tushe aka gina injinan kwaikwayo na nan take, wato waɗanda sakan ɗaya a cikinsu daidai yake da sakan ɗaya a duniya. Kamfanin RTDS na birnin Winnipeg, wanda aka kafa a 1994, da OPAL-RT na Montreal, wanda ya biyo baya a 1997, da dSPACE na Paderborn a Jamus, suna cikin waɗanda suka yi suna a wannan ciniki. Akan ɗauko ainihin ƙwaƙwalwar da za ta sarrafa inbata, a jona ta da injin kwaikwayon, shi kuma ya riƙa aika mata saƙonni kamar tana haɗe da tashar wuta ta gaske. Daga nan sai a jefa mata tsawa, da katsewar layi, da duk wata masifar da ba a isa a gwada a kan kaya na gaske ba. Ga manyan layuka, injin kan sabunta lissafinsa sau 20,000 a sakan. Ga makunnai masu sauri, sai ya haura sau miliyan.

Amfanin wannan ya fito fili ranar 16 ga Agustan 2016, lokacin da gobarar daji a Kudancin Kalifoniya ta taɓa layukan wuta, sai tashoshin sola masu kimanin megawat 1,200 suka janye kansu a lokaci guda. Babu tashar da wuta ta ƙone. Inbatocin ne suka yi wa girgizar layin mummunar fahimta, suka kashe kansu, kuma lissafin da hukumomi ke dogaro da shi a lokacin bai hango za su yi haka ba. Tun daga nan hukumomin kula da wuta a Arewacin Amurka suke matsa wa masu tashoshi lamba su kawo cikakken kwaikwayon halayen na'urorinsu.

To amma irin waɗannan injina adadin wutar da ke cikin waya kaɗai suka sani, ba su san inda maganaɗisun ya bazu a sararin da ke kewaye da ita ba. Haɗa saurin wannan ɓangare da zurfin wancan shi ne aikin da masu bincike suka duƙufa a kai a 'yan shekarun nan, kuma dabarar tasu ba ta da nisa da ta ɗan kasuwar da ya zauna da dare ya rubuta jadawalin farashi, domin kada ya tsaya dogon lissafi a gaban mai saye. Ana yin babban lissafin sau ɗaya, komai daɗewarsa, a tace shi daga miliyoyin ƙa'idoji zuwa 'yan gomomi da ke ɗauke da ainihin halin na'urar. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, a cikin iska da jan ƙarfe, idan wuta ta ninka biyu maganaɗisu ma biyu yake ninkawa, don haka ana iya lissafa rabon kowace waya a ajiye, daga baya a tara. Inda dabarar ke tuntuɓe shi ne a cikin baƙin ƙarfen taransifoma, wanda idan ya ƙoshi da maganaɗisu yakan daina bin wannan ƙa'ida, da kuma inda zafi ya sauya halin kayan.

Da zarar amsa ta fara fitowa cikin ƙiftawar ido, sai batun yadda za a nuna ta ya taso, kuma nan ne fasahar ɗora hoto a kan zahiri ta shigo. Wani abin sha'awa shi ne, da waya aka fara wannan fasaha a masana'antu: a 1990 Tom Caudell na kamfanin jiragen sama na Boeing ya raɗa mata suna, lokacin da yake neman hanyar da ma'aikata masu ɗaure tarin wayoyin jirgi za su riƙa ganin zanen a gaban idonsu maimakon a kan allo. Masu bincike a Jami'ar Stuttgart ta Jamus sun yi amfani da ita wajen koyar da darasin lantarki a ƙarshen shekarun 2000, wasu a Japan suka wallafa a 2012 tsarin da ɗalibi zai motsa maganaɗisu da hannunsa ya ga layukansa suna binsa a kan allo, sannan ƙungiyar masu binciken na'urorin sarrafa wuta a Jami'ar Nottingham ta Ingila ta gwada haɗa ta da taƙaitaccen lissafin da aka ambata. Injiniya kan saita kyamarar waya ko tabarau a kan na'urar da ke gabansa, kwamfuta ta gane matsayinta, ta zana masa layuka masu launi a kanta: ja inda maganaɗisu ya taru, shuɗi inda ya yi sanyi. Faraday da garin ƙarfe ya yi nasa a kan takarda. Wannan shi ne garin ƙarfen da ba ya zubewa cikin na'ura ya haɗa wayoyi.

Akwai abubuwa biyu da masu tallan fasahar ba su cika jaddadawa ba. Na farko, kalmar "nan take" tana da ƙaiƙayi a cikinta. Tabarau na sabunta hoto kamar sau 60 a sakan, shi kuwa makunni yana iya kunnawa sau 100,000 a wannan sakan ɗin. Don haka abin da ido ke gani ko dai matsakaici ne da aka fitar, ko kuwa an ja lokacin an sassauta shi kamar yadda ake maimaita cin ƙwallo a talabijin. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, tabarau ba ya ganin maganaɗisu. Sakamakon lissafi yake nunawa. Idan an ba kwamfuta kaurin waya ba daidai ba, ko aka manta da wani ƙusa, za ta zana ƙarya mai kyan launi, kuma ɗan Adam ya fi saurin gaskata hoto a kan jerin lambobi. Har yanzu sai an kai samfuri ɗakin gwaji an auna shi da ma'auni kafin a ba shi takardar shaida.

Kasuwa kuwa ta riga ta nuna inda take ganin daraja. Kamfanin Google ya daina sayar da tabaransa na ma'aikata a watan Maris na 2023, Microsoft kuma ya dakatar da ƙera HoloLens 2, mai farashin dala 3,500, a 2024. A daidai wannan lokaci kamfanonin da ke sayar da manhajar lissafin sai tsada suke ƙarawa. Ansys ya sayi Ansoft, gwanin lissafin maganaɗisu, a kan dala miliyan 832 a 2008. Dassault na Faransa ya sayi CST na Jamus a 2016. Siemens ya kammala sayen Altair a kan kimanin dala miliyan dubu 10 a 2025. Sannan a watan Yulin 2025 Synopsys ya haɗiye Ansys ɗin kansa a cinikin da aka ƙiyasta a kan dala miliyan dubu 35, bayan ya jira amincewar hukumomin Sin. Ragowar masu wannan ilimi 'yan ƙalilan ne, kuma hakan ba ƙaramin al'amari ba ne: a watan Mayun 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita sayar wa Sin manhajojin zana ƙwaƙwalwar na'ura, ta ɗage takunkumin a watan Yuli a cikin cinikayyar da ƙasashen biyu ke yi.

Wurin da tabarau zai fi samun gindin zama, bisa ga dukkan alamu, shi ne horar da ma'aikata da kare lafiyarsu. An fara cajin motoci ba tare da waya ba, inda wuta ke tsallakawa daga faranti a ƙasa zuwa cikin mota a kan kilohaz 85, bisa ƙa'idar da aka amince da ita a 2020. Ma'aikacin da aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya yana da dalilin son ganin iyakar inda zai tsaya, kuma layin da aka zana masa a ƙasa ya fi masa amfani a kan lambobin da ke cikin littafi.

Najeriya ba ta cikin masu wannan tsere, amma tana cikin masu biyan kuɗinsa. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, da duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda a watan Oktoban 2024 bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, duk sun tura gidaje da shaguna da asibitoci zuwa ga sola da inbata. Mafi yawan kayan daga Sin da Indiya ake shigo da su, da kuɗin musaya na ƙasashen waje. Tun 2005 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa take da tsarin SONCAP na tantance kaya kafin a yi lodinsu, amma takarda a tashar jiragen ruwa ba ta buɗe cikin kowane kwali.

A nan ne masanin tattalin arziki George Akerlof ke da abin cewa. A maƙalarsa ta 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin ayyukan da suka kai shi ga lambar Nobel a 2001, ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, farashi ɗaya zai taya, kuma sannu a hankali marar kyau zai kori mai kyau daga kasuwa. Matatar hayaniya ita ce abu mafi sauƙin cirewa daga inbata ko caja, domin na'urar za ta ci gaba da aiki ba tare da ita ba, fitila ta kama, fanka ta juya. Wanda ya cire ta ya rage farashi. Wanda zai ɗanɗana kuɗarsa kuwa sau da yawa ba shi ne ya saya ba: maƙwabci ne mai rediyo, ko ɗakin shan magani da ke jikin katanga mai na'urar auna bugun zuciya.

Masu haɗa inbata da naɗa taransifoma a cikin gida, a Legas da Aba da Kano, ba za su iya biyan lasisin manyan manhajojin da ake sayarwa da dala ba. Sai dai akwai na kyauta da ake samu a intanet, irin su FEMM da openEMS da LTspice, waɗanda ke aiki a kan kwamfutar da kowane sashen injiniya na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ke da ita, kuma wayar hannu mai kyamara ta isa ta ɗora hoto a kan na'ura ba tare da tabarau mai tsada ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne ɗakin aunawa da za a tabbatar da lissafin a cikinsa, da kuma mai sayen da zai yarda ya biya bambancin.

Kafin wannan ya samu, tsofaffin masu gyaran rediyo suna da ma'auninsu. Mai sayen inbata a kasuwar Alaba ko ta Sabon Gari yana iya zuwa da ƙaramin rediyo mai batir, ya murɗa shi zuwa matsakaicin zango inda babu tasha, ya sa a kunna masa na'urori biyu ɗaya bayan ɗaya da kaya iri ɗaya a kansu, sannan ya riƙa ja da baya yana ƙirga taku nawa zai yi kafin ƙarar ta ɗauke.